Damina Ɗaya a Gonar Tudu

Asabar, 20 ga Disamba, 1969

Mun iso. Na ce alhamdu lillahi don baki ya saba.

Gwamnatin Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar mata ƙasa. Ni Lado, da na shiga Kumasi gemu bai fito mini ba, na tsufa ina gyara musu agogo a bakin kasuwa, wai ni ne baƙo. Matata Baraka kuwa a can aka haife ta, a can aka binne uwarta da ubanta, ita ma wai baƙuwa. Muka yi azumi a bayan babbar mota, muka yi sallah a bakin iyaka cikin turmutsutsu. Akwatin kayan aikina a nan ya salwanta, ban ga hannun da ya ɗauka ba. Keken ɗinkin Baraka ne kaɗai ya tsira, don a kansa ta zauna har muka iso. Maijidda, 'yarmu ɗaya tal, ta tsaya a can tunda mijinta ɗan ƙasa ne.

To ga ni a ƙauyenmu na ƙasar Durba. Yadda na bar shi haka na same shi, sai dai tsufa da ya ƙara. Iya ta makance. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, "Ka yi ƙiba, ashe ana cin abinci a can." Yaya Ishiyaku ya kwashe harawa daga wani ɗaki ya ce mu shiga. Warin akuya har cikin maƙogwaro.

Laraba, 24 ga Disamba

Ba famfo, ba lantarki, ba burodi. Mai gyaran agogo a garin da ba wanda ya taɓa ɗaura agogo! Na tambayi wani ko azahar ta yi, ya ɗaga kai ya dubi sama. Sun raɗa mini suna, Ɗan Gana. A can ina ɗan Najeriya, a nan ina Ɗan Gana. Madalla.

Juma'a, 16 ga Janairu, 1970

Na je Kibiya neman sabulu, na tarar an kewaye rediyon wani mai shago, wai yaƙin basasa ya ƙare. Ana ta murna, ana Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Na ce amin don kada a dube ni. Wace ƙasa? Ni dai ban ga abin da ta taɓa tsinana mini ba, in ban da sunanta da ya sa aka koro ni.

Litinin, 26 ga Janairu

Tuwon Yaya muke ci tun da muka zo, kuma na fara jin yadda ake dangwarar da akushi a gabana. Don haka yau na tayar da maganar gona, muka je gaban mai unguwa.

Gonar tudu ita ce rabona daga gadon Baba. Da ba na nan ta zama saura, ba mai noma ta, sai mai unguwa ya ba Dalhatu maƙwabcinmu. Shi ya sare ƙaya, ya tone kututture, ya yi shekaru yana ci da iyalinsa a ciki, kuma iyalin nan ba kaɗan ba ne.

Na zuba bayani son raina, har da yadda ake shari'ar fili a Kumasi. Mai unguwa ya bar ni na gama sarai, sannan ya ce, "Malam Lado, ba za mu hana ka gonar mahaifinka ba, amma ba za mu ƙwace daga mai noma mu bar wa ciyawa ba. Ka noma ta damina ɗaya mu gani. In ta yi kyau taka ce. In ciyawa ta cinye ta, ta koma wa Dalhatu." Dalhatu sai murza hularsa yake.

Damina ɗaya. In gonar nan ta kuɓuce mini, ba ni da taku ɗaya a duniya da zan tsaya in ce nawa ne. Amma noma dai ai ba cikin agogo ba ne. Abin da kowane baƙauye ke yi.

Talata, 10 ga Maris

Ɗanmalam, sarkin noman ƙauyen nan, ya kira gayyar ɗora jinka a ɗakunansa. Duk maza sun tafi. Ni da girmana in hau katanga ina jan ciyawa? Na aika masa da goro mai kyau, irin wanda bai taɓa sa wa a baki ba. A zangon Kumasi haka muke yi, in ba ka samu zuwa ba ka aika da gudummawa, magana ta ƙare.

Yaya ya dawo duk ƙaiƙayi a jiki, ya tsaya a ƙofar ɗakina. "Lado, ba goronka ake so ba. Ƙafarka ake so." Na ce ƙafar tawa ciwo take yi. Ya dube ta, ya wuce.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Baraka ta dawo daga rijiya ta ajiye tulu da ƙarfi. Matan suna kwaikwayon Hausarta, wai tana magana kamar mai tauna ɗanyen rogo. Ba ta iya daka ba, ba ta iya tuƙin tuwon dawa ba, hannunta ya saba da sakwara. Na ce ta yi haƙuri, jahilai ne. Ta ce, "Maigida, ai 'yan'uwanka ne." Ban san ko zagi ba ne.

Wani direban motar goro ya kawo saƙon baki daga Zailani, wan Baraka. Shi da aka koro shi bai zo Najeriya ba, Lome ya tsaya. Wai kasuwa na ci, akwai masu agogo, mu taho. Na ce sai na ga abin da gona ta yi.

Asabar, 23 ga Mayu

Ruwa ya sauka. Mun yi shuka, gero da dawa. Yaya na sara da sungumi, ni ina bi ina zuba iri ina takewa da diddige. Bayana kamar an doke ni da taɓarya. Amma an gama.

Laraba, 3 ga Yuni

Shuka ta fito, kore shar. Na tsaya na daɗe ina kallo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Talata, 9 ga Yuni

Ashe ba shuka ce kaɗai ta fito ba. Ciyawa! Ina nome kunya ɗaya, in juyo in tarar ta baya ta sake tsirowa. Yaya na da tasa gonar, ba zai bar ta ya zo tawa ba. An yi gayyar noma a gonaki uku cikin makon nan, ina jin ganga daga tudu. An gaya mini duka. Ban je ba, ina fama da tawa, wa ke da lokacin ta wani?

Yaya ya ce in noman firi ya wuce lokacinsa, gero ba ya sake tashi.

Juma'a, 12 ga Yuni

Na yanke shawara, ni ma gayya zan kira, kuma irin wadda ba su taɓa gani ba. Su da suke nome gonar mutum don kunun kanwa da tuwon dawa, bari su ga abincin mutanen duniya. Baraka ta ce a kai kekenta Rano a sayar. Na ce a'a. Ta ce, "In gonar ta tafi, a ina zan ajiye keken?" Aka kai. Na sayo shinkafa, man gyaɗa, kifin gwangwani, ganyen shayi, sukari, madara.

Da aka idar da la'asar na miƙe a ƙofar masallaci na ɗaga murya: duk mai son cin shinkafa da kifi, ya sha shayi da madara har ya ture, ya zo gonar tudu ranar Alhamis da fartanyarsa. Wurin ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne. Ɗanmalam ya sa takalmansa ya tafi, Yaya kuma ya sunkuyar da kai.

Juma'a, 19 ga Yuni

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Tun asuba Baraka ke kan murhu. Muka kai tukwane gindin tsamiyar da ke bakin gona, muka shimfiɗa tabarmi, na jera kofuna. Rana ta fito. Ina ta duban hanya. Mutane na wucewa da fartanya a kafaɗa, su ce "Sannu da aiki, Malam Lado," in amsa, su wuce gonakinsu. Ba ganga, ba samari. Na ce wa Baraka ai mutanen ƙauye ba su san lokaci ba. Ita dai tana ta korar ƙuda daga bakin tukunya.

Yaya ya zo shi kaɗai, ya kama kunya ya duƙa, ko kallon tabarmin bai yi ba.

Da hantsi sai ga mutum na biyu. Dalhatu. Wallahi na ɗauka dariya ya zo yi mini, har na shirya abin da zan gaya masa. Sai ya tuɓe riga ya rataye a reshe, ya shiga ta gangare inda ciyawar ta fi kauri. Na bi shi da kofin shayi. Ya ce, "Ba don kai na zo ba, Lado. Na kasa wucewa ne ina kallonta a haka." Ya tura hannu cikin ciyawa ya ɗago wani ɗan gero da ya yi rawaya, ya gyara masa ƙasa a gindi. Mutumin da in gonar ta lalace shi za a ba! Na rasa inda zan sa kaina.

Mu uku har la'asar. Ko kashi ɗaya cikin biyar ba mu ci ba. Dalhatu bai taɓa shinkafar ba, furarsa ya zo da ita a gora.

Baraka ta rarraba abincin gida gida don kada ya lalace. Kowa ya karɓa ya yi godiya. Gidan Ɗanmalam ne kawai aka dawo da kwanon yadda aka kai shi, a rufe.

Keken Baraka ke nan.

Lahadi, 21 ga Yuni

Na shiga gaida Iya, na fara zagin mutanen garin, marasa mutunci, 'yan baƙin ciki. Ta bar ni na gaji. Ta ce, "Wa ka taya? Ka tsaya a ƙofar masallaci ka kira mutane kamar kana kiran kaji ga tsaba. Yunwa ka ga tana kashe su? Ubanka, ranar da zai bar duniya, daga gayyar wani aka ɗauko shi." Ban san wannan ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Na fito raina a ɓace. Har yanzu ina ganin sun wuce gona da iri. Amma geron na mutuwa.

Alhamis, 25 ga Yuni

Na je gayyar wani ɗan unguwarmu, Dauda. Ba wanda ya gayyace ni, na dai saɓi fartanya na bi ganga.

Kai, na sha wulaƙanci! Aka jera, kowa da kunyarsa, makaɗi ya buga, suka fyalla kamar an kore su. Kafin in kai rabi sun kai ƙarshe sun juyo. Makaɗin nan, wani siririn tsoho mai haƙori ɗaya, ya baro kowa ya zo ya tsaya a kaina da gangarsa: "Ɗan Gana, ɗan Abdulganiyyu, jikan Maigarma! Hannun shayi ya gamu da ƙota! Kakanka kunya biyu yake ɗauka, kai ɗaya ta kayar da kai!" Gona ta ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Ban tafi ba. Bororon hannuna ya fashe, ƙota ta yi jini. Da aka kawo tuwo wani ya matsa mini na sa hannu a akushinsu. Miyar kuka a kan ciwo, sai da na ga taurari.

Abin da ya tsaya mini a rai: Maigarma. Na manta ma haka ake kiran kakana.

Talata, 30 ga Yuni

Gayya biyu kuma. Tawa gonar tana can ciyawa ta kai gwiwa, ni ina nome ta wasu. In wannan ba hauka ba ne ban san hauka ba.

Asabar, 4 ga Yuli

Na je gidan Ɗanmalam da ƙafata. Na cire takalmi, na durƙusa a zaure, ni da na girme shi. Na ce, "Sarkin Noma, na yi kuskure, a taimake ni." Ya ce in nuna masa hannuna. Ya juya shi ya duba. Ya ce, "Alhamis. Kunu da tuwo kawai, kada mu ga gwangwani."

Alhamis, 9 ga Yuli

Sun zo. Da ganga, da samari, da tsohon nan mai haƙori ɗaya. Kafin azahar sun share gonar tas. Aikin da ya gagare ni wata guda.

Sai dai an makara. Da ciyawar ta kau sai abin ya fito fili: gangare da sauran rai, musamman inda Dalhatu ya fara taɓawa, amma saman tudu geron ya ƙanƙance, siriri, rawaya, bai kai tsawon hannu ba. Ɗanmalam ya tsaya yana kallo ya ce, "Da makon da ka kira mu na farko ne..." Bai ƙarasa ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 16 ga Agusta

Rumbun Yaya ya yi ƙasa. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, sauran kuwa tafasa da ƙuli. Wandona na Kumasi sai da na ƙara masa igiya.

Direban goro ya sake biyowa. Maijidda na da ciki, haihuwa bayan damina. Na farko. Baraka ta zauna a bakin ƙofa tana lissafa abin da ake yi wa mai jego: wa zai dafa mata ruwan wanka, wa zai dama mata kunun kanwa, dangin mijin ba su san wannan ba. Tana yi tana kallon yamma. Ɗazu na ji ta tana yi wa akuyar Yaya magana da yaren Asante.

Asabar, 19 ga Satumba

An yanke gero. Abin da na samu ba ya kai mu ko tsakiyar rani. Daga saman tudu kuwa kara kawai na kwaso. Na ɗaura dami na farko da hannuna, ya kwance, Dalhatu ya leƙo ta kan iyaka ya nuna mini yadda ake murɗa igiyar. Baraka ta yi fura da sabon geron. Iya ta sha ta ce, "Na tudu ne wannan, na san shi." Na fita waje.

Alhamis, 1 ga Oktoba

Shekara goma da samun mulkin kai, an ce ana biki a Rano. Ban je ba, ina taya Dauda cirar gyaɗa.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Azumi ya kama. Zailani ya zo da kansa, a gaban motar goro mai zuwa Kano, da agogo mai ƙyalli a hannu. Maijidda ta sauka lafiya, namiji. Daga Lome, in ji shi, ana san yadda ake yi a tsallaka a gan ta. Ya samo mini wurin ajiye tebur kusa da tasha, har da mai ba ni aron kayan aiki.

Ya zagaya gidan yana toshe hanci. "Lado, me kake yi a wannan kangon? Wannan ai ba gari ba ne, maƙabarta ce. Duniya ta buɗe, mutum ya je inda abincinsa yake." Maganata ce sak, na sha faɗin wadda ta fi ta. Amma da ta fito daga bakinsa, a tsakar gidan ubana, Iya na zaune tana ji, sai na ji jinina ya hau. Na ce masa ya iya bakinsa, ba a toshe hanci a gidan mutane. Ya yi dariya ya ce azumi ne ke cina.

Zai biyo ta kanmu bayan sallah.

Alhamis, 19 ga Nuwamba

Mai unguwa ya zo gonar da dattawa. Suka zagaya, suka dubi dawar gangare da ta yi kai, suka hau tudu suka dubi abin da ba a iya kiransa amfani. Ni da Dalhatu muna tsaye nesa da juna.

Ya ce bisa sharaɗi gonar ta Dalhatu ce, kowa ya ga abin da ciyawa ta yi. Amma an ga ƙafata a gonakin mutane, ba za a kore ni hannu wofi ba. In an girbe dawa, gangare ya koma wa Dalhatu. Saman tudu nawa.

Saman tudu! Tsakuwa da ƙasa ja, inda ko akuya ba ta tsayawa. Na buɗe baki zan yi musu irin tawa, Yaya ya taka mini ƙafa. Na ce na gode. Dalhatu ya zo ya ba ni hannu, idonsa a ƙasa. Ba zalunci aka yi mini ba, shi ya fi ƙona mini rai. Da zalunci ne da na samu wanda zan tsine wa in hau mota.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Na kai Baraka ta ga rabona. Ta tsaya ta dubi tsakuwar, ta dube ni. "Maigida, wannan ce ƙasar taka? A kan wannan zan ƙi ganin jikana?"

Na yi ta kame-kame, Iya ta tsufa, hanya ba kyau. Ta ce in faɗi gaskiya. Sai na faɗa. Na ce na gaji da zama baƙo. Lome ma wata rana wani zai tashi da safe ya ce a kawo takarda, mu sake hawa bayan mota da furfurarmu. A nan an yi mini dariya, an bar ni da tukwanen shinkafa, an raba ni da gangare, amma da za a zage ni da sunan ubana da kakana aka zage ni, kuma ba wanda ya ce in koma inda na fito.

 Ta ce, "To kai ka samu. Ni fa? Wa ya san sunan kakana a nan? Ni garina Maijidda ce."

Muka gangaro gida, tana gaba ina baya.

Asabar, 5 ga Disamba

Motar ta zo. Baraka ta durƙusa ta yi wa Iya sallama, Iya ta riƙe hannunta ta ƙi saki sai da Yaya ya sa baki. Matan rijiyar nan masu kwaikwayonta su suka ɗauki kayanta har bakin hanya, ɗaya ta ƙulla mata daddawa da kuka a tsumma. Ban sake ta ba, ba ta nema ba. Mun ce za ta dawo in Maijidda ta gama wankan jego. Mu duka mun san yadda muka faɗe shi.

Zailani ya leƙo ta taga ya ce teburin na jirana har bayan babbar sallah. Na ce zan duba.

Lahadi, 6 ga Disamba

Ɗakin ya yi faɗi.

Talata, 12 ga Janairu, 1971

Ba abin rubutawa. Na taya Ɗanmalam yaɓen rumbu. Tari ya kama Iya. Ina dafa wa kaina, abin ba ya ciyuwa.

Litinin, 8 ga Maris

Turken awakin Yaya ya cika da taki, ga toka ta taru a bayan ɗaki, wari na damun Iya da tarinta. Shi ya sa na share, ba wani abu ba. Kuma tunda an tara, ai ba a bari a tsakar gida. Na ari jaki da mangala na fara kaiwa tudu tun makon jiya, ina zubawa tsibi tsibi. Ko'ina aka zuba shi dai zubawa ce.

Mutanen nan da sa ido! A wurinsu duk wanda aka gani yana kai taki gona da rani, to ya gama magana, da shi za a yi damina. Kowa na gamu da shi sai ya ce, "A'a, Lado, ashe kana nan bana." In ce shara nake yi.

Yau ina kora jaki sai ga direban goro ya tsayar da mota a bakin hanya, ya sauko. Zailani ya ce babbar sallah ta wuce, mai wurin na son amsa, in ba na zuwa a ba wani. Baraka kuma ta ce a gaya mini yaron ya fara zama, goshinsa irin nawa ne. Ta ce a tambaye ni, da bakina, ina tafe ko ba na tafe.

Na tsaya riƙe da sanda. Jakin ya gaji da jira ya kama hanyar tudu shi kaɗai. Na ce wa direban ya ce ina gaishe ta. Na ce ya gaya mata ta shafa mini kan yaron. Ya kuma gaya mata akwai geronta na fura da na ware, yana nan a rumbu ba mai taɓawa.

Ya ce, "Shi ke nan, Malam?"

Na ce jakina zai ɓata mini kaya, na bi shi da sauri.

A saman tudu na kwance mangala, na zauna a kan tsakuwa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Dalhatu na gangare yana sassabe. Ya ɗago ya gan ni, ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa har na gama.

Saura bayan ɗakin Iya ban kwashe ba. Gobe.